Sau uku na ɗora tukunya kafin Hajiya ta cinye dankalin nan

Ranar wata Talata cikin watan Disamba aka cire wa surukata haƙoran ciki guda biyu a wani asibiti a nan Jos. Ni na raka ta, don maigida yana Abuja wurin aiki, sai ƙarshen mako yake shigowa. Tun ƙarfe bakwai da rabi muka isa, muka yanki kati, muka zauna a benci muna rawar ɗari har wajen sha ɗaya kafin a kira sunanta. Wanda ya san hunturun Jos ya san abin da nake nufi. Hajiya da rigar sanyi biyu da safa da mayafi mai kauri, amma haƙoran da za a bar mata sai kaɗawa suke yi. Da aka gama, likita ya zaunar da ni ya yi mini bayani: kada ta kurkure baki a ranar, daga washegari sai ruwan ɗumi da gishiri, ban da abu mai zafi sosai, ban da yaji, ban da duk abin da sai an tauna, har na 'yan kwanaki. Ya lissafo kunu da ayaba da ƙwai, sannan ya ce in ina iyawa in dafa mata dankalin turawa in murje shi da madara, irin wanda Turawa ke haɗawa da nama. Na ce to. A raina cewa na yi, mu da muke kwana muna tashi da dankali, yau a soya da ƙwai gobe a yi fate, ai wannan ba sai an koya mini ba. Ashe ina da sauran karatu, kuma duk kuskuren da na tafka irin wanda macen da ta taso a gidan tuwo za ta tafka ne, shi ya sa na ga gara in rubuta.

Ranar farko kunun gyaɗa ta sha, da dare koko. Washegari da rana na sake miƙa mata kofi, sai ta kawar da kai. Ta ce, "'Yar nan, ni fa ba jaririya ba ce. Ruwa-ruwan nan ya ishe ni, cikina kamar ban sa masa komai ba." Hajiya mutuniyar tuwo ce, in ba ta ci abu mai nauyi da dare ba barci ma ba ya zuwa mata. Nan na tuna maganar likita. Na buɗe waya na kalli wani gajeren bidiyo, na ga abu fari sol mai laushi kamar auduga, ana ta ambaton tafarnuwa da bota. Ban ma ƙarasa kallo ba na shiga kicin.

Ragowar dankalin da ke cikin kwando na kwaso, wanda ya yi kusan mako uku a bayan ƙofa. Wasu sun fara tsiro, biyu sun yi kore a gefe. Na fere sama-sama, na yanka yadda wuƙa ta faɗa, wani ƙato wani ƙarami, na jira ruwa ya tafasa na watsa su ciki kamar taliya. Bayan minti sha biyar ƙananan sun narke sun zama fate, manyan kuma bayansu ya yi laushi amma cikinsu na nan da ƙarfinsa. Na ce ba komai, bilenda za ta raba gardama. Na juye su ciki, na farke gwangwanin madara mai sanyi daga firji na tuttula, na ɓare ɗanyar tafarnuwa ƙwaya biyar na jefa, na danna. Wallahi ban yi minti ɗaya ba na ji ƙarar injin ta canza, yana nishi kamar babur a hawan dutse. Da na buɗe, abin da na gani ya fi kama da sitacin da ake sa wa shadda. Na sa cokali na ɗaga, ya biyo cokalin yana miƙewa bai tsinke ba. Ƙanin maigida da ke zaune da mu ya leƙo ya ce, "Anti, a ajiye mini wannan, lokacin siyasa za mu manna fosta da shi." Duk da haka na zuba a faranti na kai. Hajiya ba ta ko taɓa ba, warin kawai ta shaƙa ta ce, "Wannan magani ne ko abinci?" Ta yi gaskiya. Da na ɗanɗana, ɗanyar tafarnuwar nan ta ƙone mini harshe, balle wadda ke da ɗanyen rauni a dasashi. Kaji na zuba wa, su ma suna ci suna goge baki a ƙasa. Daren nan kunu ta sake sha, ba ta ce mini uffan ba.

Da safiyar Alhamis na yanke cewa laifin dankalin ne, don haka na hau keke zuwa Farin Gada, naira 300 na biya. Nan ne ake sauke kayan gwari, kabeji da karas da latas da tumatir, kuma a nan za ka ga dankali buhu-buhu daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi, inda mafi yawan dankalin turawan ƙasar nan ke fitowa. Sanyin tsaunukan nan ne ya karɓe shi tun zamanin da Turawan haƙar kuza da 'yan mishan suka shigo da shi, shi ya sa har yau sunansu ke manne da shi, mutanen gari kuma suna ce masa Airish. Na tsaya wurin wata dattijuwa 'yar Bokkos da na saba saye a hannunta. Bayan mun gaisa na ce, "Mama, dankali nake so wanda in an dafa zai farfashe." Ta dube ni ta yi dariya, ta ce kowa yana neman wanda ba ya fashewa, ni kuma na zo neman mai fashewa. Ta nuna mini kashi biyu. Ɗaya dogaye masu santsi, ta ce Nicola ne, shi ko an dafa yana riƙe jikinsa, ya fi kyau a fate ko a cikin miya. Ɗayan kuma Marabel, mai ɗorawar ciki, ta ce ya fi shi saurin laushi. Sannan ta ɗauki ɗaya ta murza bayansa da babban yatsa, ɓawon ya saluɓe. Ta ce, "Kin gani? Wannan sabon haƙa ne, ruwa ne a cikinsa. Ki ɗauki wanda fatarsa ta kama, shi ne mai gari." Wannan maganar ta fi mini duk bidiyon da na kalla amfani. Ta kuma ɗauko wani mai kore a gefe ta jefar cikin kwandon shara, ta ce rana ce ta taɓa shi, yana da ɗaci kuma yana ɓata ciki. Daga baya na fahimci cewa inda dankali ya yi kore ko ya yi tsiro akwai wani guba da ke taruwa a wurin, wanda dafuwa ba ta kashe shi, sai dai a yanke wurin da zurfi ko a yar gaba ɗaya. Na tuna guda biyun da na fere sama-sama jiya, na gode wa Allah da Hajiya ba ta ci ba.

Ƙaramin bokitin fenti ta ce 4,500, muka daidaita a 4,000, ta ƙara mini gyara guda huɗu. Ta ce da a watan Yuli ko Agusta na zo, lokacin da na damina ke fitowa, da ban biya haka ba, yanzu ga rani ga Kirsimeti ta matso. Tafarnuwa kuma wurin wani Basakkwace na saya. Yana da iri biyu, manya farare tas da ake shigowa da su daga waje, da 'yar gida mai ƙananan ƙwayoyi wadda ta fi wahalar ɓarewa amma ta fi ƙarfi. Na ɗauki 'yar gida dunƙule uku a naira 500. A hanyar fita na ci karo da wata Bafulatana da man shanu a ƙwarya, na ce ai ga botar gargajiya, na sayi na 1,000. Na ƙara da madarar ruwa gwangwani biyu a shagon unguwa.

A karo na biyu na kiyaye abubuwa da dama. Na yanka dankalin daidai wa daida, na bar shi ya dahu sosai, na rantse ba zan ƙara kusantar bilenda ba. Tafarnuwar kuma tunda ɗanya ta ba ni kunya, sai na daka ta na soya a man shanu. Ina cikin suya ƙaramar 'yata ta faɗi a tsakar gida, kafin in dawo tafarnuwar ta yi duhu. Na ce ai ƙamshi ne, na bar ta. Na tsiyaye ruwan dankalin ta gefen murfi, ba duka ya fita ba, na zuba man da madara, sannan na yi abin da hannuna ya saba tun ina 'yar shekara goma: na ɗauko muciya. Na dafe tukunya da tsumma na shiga tuƙi kamar mai tuwon biki, ina bugawa ina juyawa, don a ganina gudaji su ne abin kunya. Gudaji kam sun mutu. Amma danƙon jiya ya dawo, ko da yake bai kai na bilenda ba. Ga ɗacin ƙonanniyar tafarnuwa, ga ƙaurin man shanu ya danne komai, don man da na saya ya kwana biyu kuma ban soya shi da albasa ba tukuna kamar yadda ake yi kafin a sa a tuwo. Hajiya ta yi cokali biyu don kara. Ta ce, "Allah ya yi albarka, 'yar nan, kin sha wahala," ta ture farantin a hankali. Gara mini tambayar jiya da wannan albarkar. Na koma kicin na zauna a kan turmi, idona ya ciko da ƙwalla. Abin ba na dankali kaɗai ba ne. Shekara takwas ina gidan nan ba ta taɓa kushe girkina ba, sai yanzu da take da buƙata na kasa ciyar da ita.

Bayan la'asar na kira 'yar kawuna da ke aikin girki a wani otal a Abuja. Na zayyana mata komai. Da na zo kan muciya sai da ta ajiye wayar ta yi dariyarta mai isarta. Ta ce, "Yaya, sakwara kika kirɓa ai." Sannan ta yi mini bayanin da ya warware mini duk ruɗanin. Ta ce in ɗauka cikin dankali kamar saƙar zuma yake, ƙananan ɗakuna ne birjik, kowanne cike da sitaci. In ya dahu sitacin sai ya kumbura a cikin ɗakinsa, ɗakunan kuma su saki juna. Abin da ake so shi ne a raba su ba tare da an fasa su ba. Da zarar an daka, ko an tuƙa, ko wuƙar bilenda ta bi ta kansu, sai su farfashe, sitacin ya fito ya haɗe ya zama danƙo. A sakwara wannan danƙon ake nema, shi ya sa ake kirɓa doya har gumi ya karyo. A nan kuwa shi ne abokin gaba, kuma in ya riga ya fito babu madarar da za ta mayar da shi. Ta ce tafarnuwa ma haka take da nata halin: yajinta yana tashi ne lokacin da aka daka ta ko aka yanka ta ɗanya, in aka dafa ta da ƙwayarta a hankali sai ta yi laushi ta koma zaƙi-zaƙi, in kuma ta ƙone sai ɗaci. Ta karanto mini awo, na rubuta a bayan katin asibitin Hajiya don shi ne takardar da ke kusa da ni.

Daren nan maigida ya iso. Da safiyar Juma'a na roƙe shi ya biya ta wani babban kanti a cikin gari ya sayo mini bota ta madarar shanu, ba irin ta shafa wa burodi da ake yi da man tsirrai ba. Ya dawo yana mita, wai ɗan ƙaramin ƙunshi ya kusa 5,000, kuɗin da zai sayi rabin kaza. Na ce ya yi haƙuri, ta mahaifiyarsa ce. Ya yi shiru.

Ƙarfe goma na fara. Na zaɓi dankali matsakaita guda takwas, wajen kilo ɗaya ke nan, masu kamammiyar fata. Na fere, na ƙwaƙule idanun, na raba kowanne gida huɗu yadda girmansu zai zo ɗaya, na ɗauraye su sau ɗaya don farin ruwan da ke jikinsu ya fita. Sai na zuba a tukunya da ruwan sanyi, ba tafasasshe ba, ruwan ya sha kansu da kamar gaɓar yatsa ɗaya. Dalilin ruwan sanyin shi ne ciki da waje su ɗauki zafi tare, kada baya ya narke ciki na ɗanye, kamar yadda ya faru da ni ranar Laraba. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya na sa, saboda Hajiya tana da hawan jini, amma wanda ba shi da wannan matsalar zai iya ƙarawa, don dankali yana shan gishiri kuma wanda ya shiga tun a ruwa ya fi ratsa shi. Da ya tafasa na rage wuta ya riƙa ɓararraka a hankali. 'Yar kawuna ta ce minti 20, amma da na soka wuƙa a minti 20 sai na ji tana cijewa a tsakiya. Sai da ya kai minti 26. Ƙanin maigida, wanda ke karatun kimiyya, ya ce ba abin mamaki ba ne, Jos tana kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, a nan ruwa yana tafasa ne a kusan digiri 96 maimakon 100, saboda haka dafuwa kan ɗan ja lokaci fiye da a gangare. Ko ma dai mene ne, agogo ba shi ne alƙali ba. A soka wuƙa, in ta shige ba gardama kuma dankalin ya zame ya faɗi da kansa, to ya yi.

Tun dankalin na kan wuta na ɗora ƙaramar tukunya a ɗaya kan gas ɗin. Na juye madarar ruwa gwangwani ɗaya, na ƙara ruwa rabin gwangwanin, na jefa ɓararriyar tafarnuwa ƙwaya goma sha biyu yadda suke, ban daka ba ban yanka ba. Da manyan nan na waje ne, shida ko bakwai sun isa. Na mayar da wutar can ƙasa yadda madarar ke motsi kawai ba ta tafasa, ina juyawa jefi-jefi kada ta kama. A nan ne gidan ya canza. Wani ƙamshi mai taushi ya tashi, ba irin warin da ke korar mutum ba, har na ji Hajiya daga ɗaki tana tambayar yara me ake dafawa. Bayan kamar minti 15 na ɗauko ƙwaya ɗaya na danna da bayan cokali, ta baje kamar man kaɗanya a rana. Na ɗanɗana, babu yaji ko kaɗan. Na murƙushe sauran a cikin madarar na rufe don ta zauna da ɗuminta.

Matakin da na tsallake a karo na biyu shi ne tsanewa. Wannan karon na juye dankalin a kwandon tsane shinkafa ruwan ya fita tas, na mayar da shi cikin busasshiyar tukunyar, na ɗora a ƙaramar wuta minti biyu ina girgizawa. Tururi ya yi ta fita, gefen dankalin ya yi fari-fari kamar an barbaɗa masa gari. Duk ruwan da ya fita a nan gurbi ne ya bar wa madara da bota. Ba ni da abin murje dankali irin na otal, don haka na ɗauko rariyar ƙarfe da nake tankaɗe da ita, na wanke, na ɗora a kan kwano, na riƙa sa dankalin uku-uku ina dannawa da bayan ludayi yana fita ta ƙasa kamar burabusko. Da zafinsa ake yi, in ya huce ba ya wucewa ta daɗi. Hannuna ya gaji, tururi ya dafa mini yatsu, minti goma cur na ɗauka. Wanda ba ya son wannan wahalar zai iya amfani da cokali mai yatsu ko gindin kofi, zai samu 'yan gudaji amma ba laifi ba ne. Ni dai saboda bakin Hajiya nake son ya fita sumul.

Sai na yanka bota kamar babban cokali huɗu na jefa cikin dankalin tun yana turiri, na juya sau uku ko huɗu ta narke ta bi jikinsa. Bota ake fara sawa kafin madara, in ji 'yar kawuna, don maiƙon ya lulluɓe sitacin. Daga nan na riƙa zuba madarar tafarnuwar kaɗan-kaɗan, ina ɗagowa daga ƙasa ina kifawa da cokalin katako, kamar mai gauraya dambu ba mai tuƙa tuwo ba. Gaskiya sai da na yi faɗa da hannuna, don da kansa yake neman ya fara bugu. Ban ƙarar da madarar ba, na bar kamar cokali uku, saboda na ga ya kai yadda nake so: in an ɗebo yana tsayawa a cokali, in an girgiza ya faɗo da taushi. Na ɗanɗana. Na tsaya shiru a tsakiyar kicin, na sake ɗanɗanawa don in tabbatar ba son zuciya ba ne.

Na riga na dafa romon kaza tun da safe, ba attaruhu ba citta, albasa kawai da ɗan gishiri, na tace shi na bar shi a wuta ya ɗan yi kauri. Na zuba dankalin a kwanon tangaran, na yi rami a tsakiya da bayan cokali kamar yadda ake yi wa tuwo gurbin man shanu, na zuba romon a ciki. Na jira ya huce ya koma ɗumi-ɗumi saboda raunin. Na durƙusa na ajiye a gabanta na ce, "Hajiya, ku gwada wannan, in bai yi ba na haƙura in koma kunu." Ta dube shi ta dube ni. Ta ɗebi kaɗan a bakin cokali ta kai ɓangaren da ba a taɓa ba. Ba ta ce komai ba ta sake ɗiba, wannan karon cokalin a cike. Ina nan durƙushe har ta kai rabi, sannan ta ce, "Tashi mana ki zauna, ko so kike ki ƙirga mini loma?" Ta cinye tas, ta kankare gefen kwanon, ta tambaya ko da saura.

Maigida ya shigo yana shirin masallaci, ya ja hanci ya ce, "Yau Juma'a kika cika gida da tafarnuwa? Ni dai kada ki ba ni, kar in je in cutar da mutane a sahu." Kafin in buɗe baki Hajiya ta riga ni. Ta ce ɗanya aka hana mutum ya ci ya shiga jama'a, ai malamai sun ce wanda zai ci ya kashe warinta da dafuwa, wannan kuwa ta dahu har ta manta sunanta. Ya ɗanɗana cokali ɗaya a tsaye. Da ya dawo daga masallaci shi ya ƙarasa na tukunyar da soyayyen naman da na yi wa yara, maganar tsadar bota kuma ban sake jin ta ba.

In na haɗa lissafi, tukunyar da ta yi kyau ba ta ci kuɗi sosai ba: kashi ɗaya cikin uku na bokitin dankalin, dunƙulen tafarnuwa ɗaya, madara gwangwani ɗaya, da ƙasa da rabin botar. Kilo ɗaya ya ishi mutum huɗu in akwai nama ko kifi ko ganye a gefe, don asalinsa abin rakiya ne ba shi ne uban tafiya ba. Daga fira zuwa zubawa awa ɗaya ta ishe ni yanzu. Na gwada da botar burodi ta yau da kullum, ya yi, sai dai ɗanɗanon bai kai ba kuma sai an rage gishiri don tana da nata. Na gwada da madarar gari, babban cokali huɗu a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ita ma ta yi. Abin da ba za a kusanta ba shi ne madarar nan mai kauri mai sukari ta masu shayi. Man shanu kuma ban fitar da shi ba, na gano in sabo ne aka soya shi da albasa, ƙaramin cokali ɗaya a sama lokacin ci yana ba shi wani ɗanɗano na gida da Hajiya ta fi so a kan na bota zalla. Ranar da na hura gawayi kuwa, nakan yanke kan dunƙulen tafarnuwa in ɗiga masa mai in naɗe a foyil in tura gefen garwashi kamar minti 40, sai in matse ta ta fito kamar kwaɓi. Wannan ta fi ta cikin madara ƙamshi, amma tana son ido, in ta yi kusa da wuta ɗacin ranar Alhamis zai dawo.

Abu biyu na koya da baya. Na farko, ba ya son jira. In ya huce yana daskarewa, musamman a sanyin nan namu, saboda haka ko a zuba a cikin kular abinci nan take ko a dafa dab da lokacin ci. In za a ɗumama, a ƙara madara kaɗan a sa a ƙaramar wuta, a juya a hankali. Tunda akwai madara a ciki ba na barinsa ya kwana a waje ina cewa ai garin da sanyi, firji nake sawa, in kuma an ɗauke wuta tun dare to da safe nakan fasa ƙwai ɗaya a ragowar da yankakkiyar albasa, in mulmula in soya wa yara su tafi da shi makaranta. Na biyu, wata maƙwabciyata mai ciwon suga ta ci a wurina ta ce zai zama abincinta na dare, sai na ce ta fara tambayar likitanta, don dankalin da aka murje haka yana saurin ɗaga suga, laushinsa kada ya ruɗe ta.

Bayan kwana goma bakin Hajiya ya warke, ta koma tuwon masararta da gwaten acca. Na ɗauka shi ke nan an rufe babin. Sai ga shi a makon jiya, da yamma ana wani irin sanyi mai shiga ƙashi, na ji ta kira babban ɗana ta kunce bakin zani ta ba shi naira 200. Na ji tana ce masa, "Je ka wurin mai kayan miya ka sayo tafarnuwa, 'yar gida ba manyan nan ba, ka kai wa uwarka. Ka ce in ji ni tuwon asibiti nake so, kuma ta ɓoye muciyar nan."